Ku Sa Sakata a Zauren Wayarku

 

Mun saba zancen girki da ɗinki da renon yara a wannan fili namu. Yau kuwa zancen tsaron gida za mu yi. Ko wace mace ta sani, in dare ya yi, an kwashe tabarmi, an ɗaure awaki, an rufe akurki, ba a kwanciya sai an leƙa zaure an tabbata an sa sakata. Ba wanda ya koya mana wannan a makaranta, mun tashi ne mun ga ana yi. To, ga wani gida kuma ya zo mana wanda iyayenmu ba su san shi ba, balle su koya mana rufe shi, watau wayar nan da ke hannunmu. A cikinta kuɗin adashi yake, da ribar sana'a, da hotunan iyali, da saƙonnin da ba mu so kowa ya gani. Shi ma wannan gida yana da zaure, kuma da yawa daga cikinmu a buɗe muke barinsa dare da rana.

Zauren nan shi ake kira burauza. Abin da nake so in nuna muku shi ne yadda ake sa masa sakata. Aikin ba ya cin kuɗi, ba ya kuwa bukatar ilmi mai zurfi. Duk wadda ta iya karanta wannan jarida ta iya shi, rabin awa kuma ya isa.

Mece Ce Burauza?

Burauza ita ce abin da kike taɓawa in kina so ki buɗe wani shafi na intanet, ko ki nemi yadda ake wani girki, ko ki duba sakamakon jarrabawa, ko ki karanta labarin duniya. Iri-iri ce. Akwai Chrome, wadda kamfanin Google na Amurka ya fitar a 2008, ita ce kuwa ke zuwa cikin yawancin wayoyin Android da muke riƙewa. Akwai Firefox ta Mozilla, wadda ta fito a 2004. Akwai Safari, ta masu wayar iPhone. Akwai kuma Opera Mini, wadda asalinta daga ƙasar Norway ne, mutanenmu suna sonta saboda tsimin data. Duk abin da zai shigo miki daga shafukan intanet ta nan yake bi, duk abin da kika rubuta musu kuma ta nan yake fita. Shi ya sa na ce zaure ce.

Masu ƙera ta sukan bar ƙofarta rabi a buɗe, rabi a rufe, domin kada shafuka su riƙa ƙin buɗewa mutane su yi fushi. Har ila yau shafuka da yawa da muke karantawa kyauta da talla suke ci, mai talla kuwa ba abin da yake so kamar ya san ko ke wace ce da abin da ranki ke so. Saboda haka gyaran ƙofa ya rage ga mai gida.

Ga inda sakatun suke. A Chrome, ki dubi kusurwar sama ta hannun dama, za ki ga ɗigo uku a jere. Ki taɓa su, ki gangara zuwa inda aka rubuta "Settings", watau wurin saiti. A ciki akwai ɗakuna biyu da za mu fi shiga, ɗaya an rubuta masa "Privacy and security", ɗaya kuma "Site settings". Da Chrome zan riƙa ba da misali tun da ita ta fi yawa a hannunmu. Sauran ma suna da irin waɗannan ɗakuna, sai dai suna ko wuri yakan ɗan bambanta. Masu iPhone za su sami na Safari a cikin saitin wayar kanta.

Sakata ta Fari: Sabuntawa

Kun san yadda ake yaɓe katanga kafin damina. Burauza ma tana tsagewa. Mutane ne suka rubuta ta, ba a kuwa rasa kuskure a aikin mutum. Ɓarayin intanet kullum suna neman irin wannan kuskure, masu ƙera ta kuma in sun gano shi sai su aiko da gyara. Gyaran nan shi ne sabuntawar da waya ke damunki da ita. Wadda ta ƙi karɓa don jin tsoron ƙarewar data ta bar tsaga ke nan a katangarta, kun kuwa sani sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ki shiga Play Store, ki nemi sunan burauzarki, in kin ga ana ba ki sabuwa ki karɓa. Amma a lura da wannan da kyau: daga Play Store kaɗai ake sabuntawa, ko App Store ga masu iPhone. In kina cikin karatu wani shafi ya yi tsalle ya fito yana cewa wayarki ta kamu da cuta, ki taɓa nan a wanke ta, ƙarya ce. Shafi ba shi da ikon duba cikin wayarki ya ga cuta. Ki rufe shi kawai ki ci gaba da harkarki.

Sakata ta Biyu: Mai Gadi

A ɗakin fari da na ambata za ki ga an rubuta Safe Browsing. Wannan shi ne mai gadin zaure. Google na tara sunayen shafukan da aka kama da zamba ko da raba mugayen manhajoji. In kika nufi ɗaya daga cikinsu, sai burauza ta tare ki da jan shafi na gargaɗi. Idan kin ga jan shafin nan ki koma da baya, ko da wa ya aiko miki da adireshin.

Mataki uku ne. Na ƙasa shi ne ba gadi ko kaɗan, kada wadda ta bar wayarta a kansa. Na tsakiya shi ne wanda waya ke zuwa da shi. Na sama, wanda aka fito da shi a 2020, ya fi saurin gane sababbin shafukan zamba waɗanda ba a riga an san su ba. Amma akwai abin da ake biya, gama a wannan mataki burauza tana aika wa Google ƙarin labarin shafukan da kike shiga domin a duba su. Watau mai gadin ya fi ƙarfi, ya kuma fi sanin shige da ficenki. Shawarata ita ce, wadda ke harkar kuɗi a waya, ko wadda yara ke ɗaukar wayarta, ta zaɓi na sama. Wadda ta fi son a rage saninta ta tsaya a na tsakiya, ta ƙara lura da kanta.

Sakata ta Uku: Ambulan a Liƙe

Wadda ta taɓa aika wasiƙa ta gidan waya ta san bambancin kati da ambulan. Kati duk hannun da ya bi ana iya karanta shi, ambulan kuwa a liƙe take tafiya. Haka shafukan intanet suke. Wanda adireshinsa ya fara da https, abin da kika rubuta masa a liƙe yake tafiya. Wanda ya fara da http, ba harafin s, kati ne, ana iya karanta shi a hanya. Tun watan Yuli na 2018 Chrome ke yi wa irin wannan shafi alamar rashin tsaro. A wurin saiti akwai inda aka rubuta "Always use secure connections". Ki kunna shi, burauza za ta riƙa neman ambulan, in ba ta samu ba ta yi miki gargaɗi kafin ki shiga.

Ga kuma wani abu da ya ruɗi mutane da yawa. A da akwai hoton ɗan kwado a gefen adireshi, mutane suka ɗauka duk shafin da ke da kwado na gaskiya ne. A 2023 Chrome ta cire kwadon nan ta sa wata alama dabam, saboda wannan rashin fahimta. Ai ɓarawo ma ya iya liƙe ambulan. Liƙewa tana hana na hanya karantawa, amma ba ta gaya miki ko hannun wa wasiƙar za ta faɗa ba.

Don haka ki koyi karanta adireshi kamar yadda kike ƙirga canji a kasuwa. Mazambata sukan sauya harafi ɗaya, su sa lamba 1 a madadin harafin l, ko lamba 0 a madadin harafin o. Shafukan hukumomin gwamnatin Nijeriya da yawa da gov.ng suke ƙarewa, kamar na hukumar JAMB, jamb.gov.ng. In kika ga an ƙara wani suna dabam bayan gov.ng kafin sandar nan mai karkata, to gidan wani ne aka shafa wa fentin gwamnati. Abin da ya fi duka, shafin banki ko na makaranta ki rubuta adireshinsa da hannunki sau ɗaya, ki adana shi cikin burauza, kullum ki riƙa shiga ta nan.

Masu Opera Mini kuma su san wannan. In an sa ta a matakin tsimi mafi ƙarfi, shafi yakan fara bi ta injinan kamfanin, a matse shi ya ƙanƙance, sa'an nan ya iso wayarki. Wannan ya yi kyau ga karatun labarai. Harkar kuɗi kuwa gara a yi ta da manhajar bankin kanta, ko da burauzar da ke kai ki kai tsaye.

Sakata ta Huɗu: Izini

Baƙo in ya yi sallama a zaure, ba a cewa ya wuce har ƙuryar ɗaki don kawai ya nemi haka. Shafuka ma sukan yi sallama. Wani ya nemi ya yi aiki da kyamararki, wani makirfo, wani ya nemi sanin inda kike, wani kuma ya nemi ya riƙa aiko miki da sanarwa. Ɗan akwati ne ke fitowa da kalmomi biyu, "Allow", watau na yarda, da "Block", watau na hana. Da yawa daga cikinmu mukan taɓa na fari don kawai akwatin ya kauce mu ga abin da muke nema. Nan ne ɓarna take.

Kafin ki yarda ki tambayi kanki, me zai yi da shi? Shafin taswira yana da dalilin sanin inda kike. Shafin da za ki yi magana da ɗan'uwa ido da ido yana da dalilin neman kyamara. Amma shafin koyon dambun nama, me ya haɗa shi da makirfonki?

Sanarwa ita ta fi damun mutane. Wani shafi yakan ce sai kin taɓa "Allow" kafin ki ga bidiyo, ko don a tabbata ke mutum ce. Da kin taɓa, shi ke nan, dare da rana waya na ƙara, ana aiko miki da tallan caca, da labarin wai kin ci kyauta, har da hotunan banza waɗanda in miji ko yaro ya gani sai ki rasa bakin magana, alhali ba ki san hawa ba, ba ki san sauka ba. Maganinsa mai sauƙi ne. Ki shiga ɗaki na biyu, "Site settings", ki buɗe wurin sanarwa, za ki ga jerin shafukan da kika ba izini. Duk wanda ba ki sani ba ki hana shi. Haka za ki yi a wurin kyamara, da makirfo, da wurin sanin inda kike. A nan kuma ki tabbata an hana shafuka buɗe tagogin talla da kansu, da tura ki wani shafin da ba ki nema ba.

Sakata ta Biyar: Kukis

Kada sunan ya ruɗe ku, ba abin ci ba ne. Kukis 'yan ƙananan rubuce-rubuce ne da shafi ke ajiyewa cikin burauzarki domin ya gane ki in kin dawo. Wani injiniya mai suna Lou Montulli ne ya ƙago su a 1994, sa'ad da yake aiki a kamfanin Netscape. Iri biyu ne, ya kamata a rarrabe su.

Na fari na shafin da kika shiga ne da ƙafarki. Misalinsa mai kantin unguwa wanda ya san ki, ya san irin sabulun da kike saye. Wannan ba laifi, in ba shi ma sai kullum ki sake rubuta sunanki. Na biyu kuwa na wasu ne dabam, masu talla da suka raɓe cikin shafuka dubbai. Misalinsu wata irin dillaliya wadda ko wane gida kika shiga kin tarar da ita zaune, tana lura da zanen da kika ɗaga, da maganin da kika tambaya, da sa'ar da kika fita, sa'an nan ta haɗa duka ta kai wa masu kaya. Shi ya sa in kin duba takalmi yau, gobe ko'ina kika leƙa takalmin nan na biye da ke. Takalmi da sauƙi. Amma a ce mace ta nemi bayani a kan wata larura ta mata, ko a kan ciki da ba ta riga ta faɗa wa kowa ba, sa'an nan tallansa ya riƙa fitowa a wayar da 'yan gida ke ɗauka. Kun ga abin ya wuce wasa.

Firefox ta fara hana irin waɗannan kukis masu bin sawu da kanta tun 2019, Safari kuma ta rufe musu ƙofa gaba ɗaya a 2020. Google ya yi alkawari a 2020 zai kawar da su daga Chrome, amma a 2024 ya janye, a 2025 kuma ya tabbatar zai bar su. Watau mai Chrome sai ta rufe da hannunta. Ki shiga ɗaki na fari, ki nemi inda aka rubuta "Third-party cookies", ki zaɓi hanawa. In wani shafi da kika amince da shi ya ƙi aiki bayan haka, ana iya ba shi izini shi kaɗai.

Akwai kuma wani maɓalli mai suna "Do Not Track", wanda ke roƙon shafuka kada su bi sawunki. Roƙo ne kurum, wanda ya ga dama ya ji, wanda bai ga dama ba ya ƙi. Firefox ma ta cire shi a 2025. Kada wadda ta kunna shi ta ce ta gama.

Sakata ta Shida: Kalmar Sirri

Uwargidan da ta yi wa ɗaki da rumbu da akwati makulli iri ɗaya, ran da ya faɗi duka sun tafi. Haka wadda ta sa kalmar sirri ɗaya ga Facebook da imel da banki. In an sace ta daga wuri ɗaya, ɓarayi sukan gwada ta a sauran. Ko wane wuri a ba shi tasa, mai tsawo, kada kuma ta zama sunan ɗanki, ko shekarar haihuwarki, ko lambar wayarki, gama duk mai neman ki da sharri da waɗannan zai fara.

Za ku ce wa zai iya riƙe kalmomi goma a ka? Burauza tana da ma'aji, takan ƙago kalma mai ƙarfi ta adana miki. Chrome ma tana da wurin bincike mai suna "Safety check", wanda ke gaya miki in an ga wata kalmarki cikin waɗanda aka sace. Amma ma'ajin nan ba shi da amfani sai wayar kanta tana da kulle, na lamba ko na yatsa. In wayar ta gida ce, kowa na ɗauka, kada ki yarda burauza ta adana kalmar banki ko lambar katin kuɗi. In ta tambaya, ki ce a'a.

Daɗin daɗawa, ki kunna tabbaci mai hawa biyu a imel ɗinki da Facebook da WhatsApp. Ma'anarsa, ko wani ya sami makulli na fari, sai ya kawo na biyu kafin ya shiga. Gida biyu maganin gobara.

Gaskiyar Zancen Incognito

A cikin ɗigo ukun nan akwai wata baƙar taga mai hoton hula da tabarau, ana kiranta Incognito. 'Yan mata da yawa sun ɗauka layar zana ce, in sun shiga ba mai ganinsu. Ba haka ba ne. Aikinta shi ne, in kin rufe ta, burauza ba ta ajiye sunayen shafukan da kika shiga, ko kukis ɗinsu, ko abin da kika rubuta. Kamar mace ce ta dawo daga unguwa ta share sawunta a tsakar gida. 'Yan gida ba za su ga sawu ba, amma mutanen hanya sun gan ta, gidan da ta je ma sun san ta zo. Kamfanin layinki, da makaranta ko ofishin da kike aiki da intanet ɗinsu, da shafin da kika shiga, duk suna iya sani. Abin da kika sauke cikin waya kuma yana nan bai goge ba. In kuwa kika shiga Facebook da sunanki ta cikinta, ai kin gabatar da kanki.

Har shari'a an yi a kan wannan a Amurka. A 2020 wasu mutane suka kai Google ƙara, suka ce yana tara labarinsu alhali suna cikin Incognito. A 2024 aka bayyana sulhun da aka yi, kamfanin ya yarda zai goge bayanai masu ɗimbin yawa, ya kuma ƙara fayyace gargaɗin da ke fuskar tagar. Saboda haka ku yi aiki da ita inda ta dace, watau in kun ari wayar wani, ko in kuna neman bayanin da ba ku so ya zauna a wayar gida. Kada ku ɗora mata kayan da ba ta iya ɗauka.

Gare Ku 'Yan Makaranta

Ku ne ke zuwa shagon intanet don rajistar jarrabawa da duba sakamako. Kwamfutar shago ta kowa ce, bayan kin tashi wani zai zauna. Ki buɗe Incognito kafin ki fara. In kwamfuta ta ce ta adana kalmarki, ki ƙi. In kin gama ki fita daga asusunki sosai, rufe taga kaɗai bai isa ba in ba a Incognito kike ba. Takardunki da hotonki da aka sauke, ki roƙa a goge su a gabanki. In da hali ki rubuta kalmar sirrinki da hannunki, in kuwa tilas ta sa kin faɗa wa mai shago, ki sauya ta da kin isa gida. Imel ɗin da kika yi rajista da shi kuma ya zama naki na kanki, wanda kika san makullinsa, domin ta nan saƙon makaranta zai riƙa zuwa.

Gare Ku Iyaye

Yaro in ya ɗauki waya duk abin da ya yi ƙyalli taɓawa yake. Ku kunna SafeSearch a wurin neman Google, yana tace hotunan banza daga sakamakon nema. Akwai kuma Family Link, wadda Google ya fitar a 2017, da ita uwa ko uba ke iya tsare irin shafukan da yaro zai buɗe a Chrome, da tsawon lokacin da zai yi a waya. Duk da haka rariya ba ta tare komai da komai. Ku riƙa zama da yaran, ku gaya musu in sun ga abin da ya tsorata su su zo su faɗa, ba za a doke su ba. Yaron da ke tsoron bulala ɓoyewa yake yi, ɓoyewar nan kuwa ita mugu ke so.

Abin da Sakata Ba Ta Yi

Sakata tana hana mai turo ƙofa, amma ba ta hana wanda mai gida ya buɗe wa da hannunsa. Yawancin asarar da ake yi ta nan take zuwa. Saƙo ne zai zo a WhatsApp, wai ana raba tallafi, ko data kyauta, ko an buɗe ɗaukar ma'aikata, ki taɓa nan ki cika suna, ki kuma tura wa mutum goma. Ƙila ma ƙawarki ce ta turo, ita ma ba ta sani ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk shafin da ya nemi lambar sirrin katinki, ko lambar nan ta ɗan lokaci da banki ke aikowa ta saƙo, ki bar shi nan take. Banki ba ya tambayar waɗannan ta waya ko ta saƙo. Lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a 2014, da lambar NIN, su ma ba a zuba su a ko wane shafi sai an tabbata na wane ne. Wata alamar mazambaci ita ce gaggawa, wai yau za a rufe, wai saura awa ɗaya. Mai gaskiya ba ya hana ki shawara.

A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan mutane a Nijeriya, aka kuma kafa hukumar da ke lura da ita. Abu ne mai kyau, yana ba mu haƙƙi a kan masu riƙe da bayananmu. Amma hukuma ba ta kwana a zaurenki, rigakafi kuwa ya fi magani.

In har abu ya riga ya faru, kada kunya ta sa ki yi shiru. Ki kira bankinki nan da nan ta lambar da ke bayan katinki, ko ki je da kanki, a rufe asusu. Ki sauya kalmomin sirri, ki fara da ta imel. Ke kuma yarinya, in wani ya sami hotonki yana yi miki barazana, kada ki biya shi, kada ki ƙara aika masa kome. Ki ajiye saƙonninsa don shaida, ki gaya wa mahaifiyarki ko malamarki a ranar. Ku kuma iyaye, in ta zo muku ku fara da taimako, faɗa ya biyo baya.

To 'yan'uwa, ga aikin wannan mako. Ku ɗauki waya bayan an sauke tukunya, ku bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

1. Ku sa wa wayar kulle, ku sabunta burauza.
2. Ku duba Safe Browsing yana kunne, ku kunna neman ambulan a liƙe.
3. Ku tsabtace jerin izini, musamman na sanarwa.
4. Ku hana kukis na masu bin sawu.
5. Ku raba kalmomin sirri, ku kunna tabbaci mai hawa biyu.

Bayan wata uku ku sake leƙawa, gama saiti yakan sauya wuri in an sabunta. Wadda ta iya ta koya wa maƙwabciyarta, ku kuma 'yan makaranta ku zauna da iyayenku mata waɗanda ba su karanta boko ba ku gyara musu nasu, amma ku bar su su zaɓi kalmar sirrinsu da kansu. Wadda ta sami wurin da ya shige mata duhu ta rubuto wa wannan fili, matambayi ba ya ɓata.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Haza wasalam.